Iskar safaya: mai faci, famfon ƙafa ko famfon lantarki?

Tayoyi huɗun da ke taka ƙasa suna da masu lura da su. Da ɗaya ta fara sacewa, sitiyari zai riƙa ja gefe, ko mai babur ya nuna maka da hannu a danja, ko maigadi ya ce, "Alhaji, ta bayan nan ta yi ƙasa fa." Safaya ba ta da wannan gata. Tana can kwance ƙarƙashin shimfiɗar but, an ɗora mata jarka da tabarma da buhun hatsi, ko kuma tana rataye a ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa. Alhali kullum iska fita take yi daga cikinta, ko da ƙusa ba ta taɓa ta ba. Lafiyayyar taya takan rasa psi 1 zuwa 2 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) a wata ta jikin robar kanta, tun ba a zo maganar bawul da ya tsufa ko bakin wili da ya yi tsatsa ba. Sai ka lissafa motar da ta shekara biyu a hannunka ba a ɗaga shimfiɗar nan ba, ka haɗa da watannin da ta yi a jirgin ruwa da filin 'yan mota a Kwatano kafin ta iso ka.

Hanyoyin da mai mota yake da su na riƙe iskar safaya uku ne: ya dogara da mai faci, ya ajiye famfon ƙafa, ko ya sayi famfon lantarki da ake jonawa a jikin motar. Amma kafin a zaɓi ɗaya, sai an san wace irin safaya ce a motar, domin a nan ne mutane da yawa suke rasa hanya.

Akwai cikakkiyar safaya, wadda girmanta ɗaya ne da sauran tayoyin, kamar yadda aka saba gani a Hilux da Prado da bas-bas na haya. Ita iskarta tana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a cikin murfin tankin mai. Ga ƙananan motoci adadin yakan faɗa tsakanin psi 30 da 35. Akwai kuma siririyar nan ta wucin gadi, wadda ke zuwa da yawancin Corolla da Camry da Accord da aka shigo da su daga Amurka. Lambar girmanta da harafin T take farawa, misali T135/80D16, kuma a jikinta an rubuta psi 60, wato 420 kPa a wani ma'aunin, tare da gargaɗin kada a wuce gudun kilomita 80 a awa. Ba kuskuren bugu ba ne. Taya siririya, mai ɗan ƙaramin ciki, ita za ta ɗauki nauyin da babbar taya take ɗauka, don haka sai da iska kusan ninki biyu take iya tsayuwa. In aka sa mata 30 irin ta sauran, a ido da hannu za ta yi tauri, amma da an sauke jak sai ta kwanta. Gefenta zai riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, robar ta ɗauki zafi, a kan kwaltar watan Afrilu tsakanin Potiskum da Damaturu kuwa ba za ta yi nisa ba za ta tarwatse. A lokacin babu wata ta shida.

Kada kuma a sakankance da fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba in iskar taya ta yi ƙasa. Tun daga motocin shekarar 2008 doka ta wajabta wannan na'ura a Amurka, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwamba 2014, shi ya sa muke ganin ta a motocin da ake kawo mana. To amma siririyar safaya yawanci ba ta da na'urar da ke auna iskar a cikinta. Za ta sace ƙaf, fitilar ba ta san an yi ba. Wasu manyan motocin Toyota da Lexus masu cikakkiyar safaya ne ake sa wa ta biyar ɗin ma, kuma su ne za ka ga an auna tayoyi huɗu duk lafiya, fitila ta ƙi mutuwa, ashe ta ƙarƙashin mota ce take kuka.

Mai faci shi ne zaɓin da kowa ya tashi ya tarar, kuma ba na cikin masu raina shi. Yana kowane kwana, kuɗinsa kaɗan ne, kuma injinsa yana da tanki, abin da babu wani famfon cikin mota da yake da shi. Wannan tankin ya sa yake iya abin da kai ba za ka iya ba: idan taya marar tub ta sace har bakinta ya rabu da wili, sai iska mai yawa da ta shiga lokaci guda take mayar da bakin ya zauna. Ƙaramin famfo sai dai ya yi ta ƙara, iskar tana fita ta gefe. Sannan shi ne mai gano dalili. Za ka ga ya tofa yawu a yatsa ya shafa a bakin bawul, ya tsuguna yana jira ya ga ko zai yi kumfa. In bai gani a nan ba, ya tsoma tayar cikin rabin durom na ruwa yana juya ta a hankali, har inda 'yan ƙwayoyin iska suke tasowa a jere. Safayar da ke rasa psi 5 ko 10 a wata ba famfo take buƙata ba, wannan durom ɗin take buƙata, da sabon bawul ko a kankare tsatsar wili.

Inda yake gazawa shi ne awo. Da yawa gejinsu, wato abin auna iska, ya sha faɗuwa a ƙasa shekara da shekaru, wasu ma sai dai su buga tayar da ƙarfe su saurari ƙarar, ko su danna da babban yatsa. Ga kuma al'adar cika kowace taya zuwa 40 ko 45 ba tare da duba motar ba, wani lokaci ta hanyar karanta lambar da ke jikin taya, wadda iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar take so ba. A kan siririyar safaya kuwa sai abin ya juya: ka ce a sa 60, ya dube ka ya ce, "Yallaɓai, wannan 'yar abar ai fashewa za ta yi." Ya tsaya a 40 yana ganin taimakonka ya yi. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka nuna masa rubutun da ke jikinta. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba, tankin da ba a zubar da ruwansa yakan tura danshi cikin taya, musamman da damina, kuma wilin safaya galibi na ƙarfe ne mai kama tsatsa.

Amma babbar matsalar dogaro da mai faci ba daga shi take ba, daga yadda muke zuwa wurinsa take. Mukan tsaya ne a gurguje, injin mota bai ma mutu ba, a zagaya tayoyi huɗu a biya a wuce. Wa zai sauke kayan but a bakin titi, ya kwance dunƙulen da ya riƙe safaya, ya ɗago ta? A motoci da yawa ma a kife take kwance, bawul yana ƙasa. Ta Sienna ko Highlander kuwa sai an sauko da ita da wayar ƙarfen da take rataye a kai, wayar da ta sha taɓo da jar ƙasa. Sai a ce wani jiƙon. Ga shi kuma mai faci yana tashi da magariba, kuma ba shi da rumfa a tsakiyar dajin Falgore. Yana iya riƙe maka iskar safaya in kana da horon kai ta wurinsa duk wata. Ba zai iya cetonka ba ranar da ka ciro ta a daji ka tarar ta yi laushi.

Famfon ƙafa ba ya neman batir, ba ya ƙona fis, ba ruwansa da ko soket ɗin motar yana aiki. Shi ne mafi araha cikin kayan da za ka mallaka, kuma don ƙara psi 2 ko 3 a cikakkiyar safaya a ƙofar gida da safe, ya wadatar. Daga nan alherinsa ya fara raguwa. Ɗaga taya daga ƙasa zuwa 32 aikin ɗaruruwan taku ne, kuma kowane taku yana ƙara nauyi yayin da iskar ke hawa. Daga 40 zuwa 60 ɗin da siririya ke nema nan ne masu arahar suke nuna halinsu: ƙarfen ya karkace, famfon ya zame a kan yashi, tiyon da ya sha zafin but ya tsage daga wuya. Mai tukunya biyu ya fi saurin cikawa, amma ya fi wuyar takawa in iska ta yi sama. Dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko mai azumi da tsakar rana, wannan ba kayan aikinsa ba ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, famfon keke irin na tsaye mai kyau, in bakinsa ya dace da bawul ɗin mota, ya fi famfon ƙafa sauƙin kai wa 60, saboda tukunyarsa siririya ce, an yi shi ne don iska mai ƙarfi. Wanda yake da shi a gida ya gwada shi a kan siririyar safaya kafin ya kashe kuɗi.

Famfon lantarki mai jona wa soket ɗin kunna sigari shi ne, a ganina, ya fi dacewa da yawancin masu ƙananan motoci, kuma dalilina ba saurinsa ba ne. Hasali ma ba shi da saurin. Yakan ɗauki mintoci kafin ya ɗaga tayar da ta sace. Dalilina shi ne yana cire uzuri. A cikin gida, ranar da ba ka gaggawa, but a buɗe, ka jona ka tsaya. Masu allon lamba ma saita musu adadi ake yi, su kashe kansu in sun kai. Kuma shi kaɗai ne cikin ukun yake aiki a gida, yake kuma aiki da dare a kan hanya ba tare da ya karya maka ƙafa ba. Yana da wani amfani na daban: taya marar tub da ƙusa ta shiga takan sace ne a hankali, don haka sau da yawa za ka iya cika ta ka lallaɓa zuwa gari na gaba, ba ka ma ciro safayar ba.

Sai dai a saye shi da ido buɗe, domin kasuwa cike take da na banza. Lambar nan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, psi 250 ko 300, ba ta gaya maka komai; babu tayar motarka da ke neman ko rubu'in haka. Abin dubawa shi ne lita nawa na iska yake turawa a minti ɗaya, da amfiya nawa na wutar lantarki yake ja. Ƙananan sukan ja 10 zuwa 15, fis ɗin soket a motoci da yawa kuma a wannan iyakar yake, don haka mai jan wuta da yawa zai ƙona fis a karon farko. Ka ajiye fis ɗaya ko biyu a aljihun mota. Ka kuma tabbatar soket ɗin kansa yana da wuta, domin a tsofaffin motoci ba abin mamaki ba ne ka tarar ya daɗe da mutuwa ko wani mai wayarin ya yanke shi. A bar injin mota yana aiki lokacin da ake famfo don kada batir ya yi sanyi, amma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, saboda hayaƙin salansa yana kisa. Famfon kansa yana ɗaukar zafi sosai, yawancinsu ana so a hutar da su bayan kamar minti goma. Wanda ya matsa masa ya cika tayoyi huɗu a jere da rana tsaka, zai ji warin roba, shi ke nan.

Masu Hilux da bas da duk motar da tayarta ke da babban ciki, ƙaramin nan ba nasu ba ne. Nasu shi ne babba mai maƙala wa batir kai tsaye da baki biyu, ja da baƙi. Ya fi tsada, ya fi nauyi, amma yana jure aiki. Direbobin da ke bin rairayi a yankin Agadez sun san wannan tun da daɗewa, domin su da gangan suke rage iska kafin su shiga yashi don taya ta baje, sannan su mayar da ita in sun hau turba mai tauri. A wurinsu famfo kayan aikin yau da kullum ne kamar jak.

Akwai sabon yayi, ɗan ƙaramin famfo mai batirin caji a cikinsa, ba waya ba jona komai. Yana da daɗin riƙewa, kuma ga babur ya yi. Ga safaya ina da ja a kansa. Batirin litiyom ba ya son zafi, but ɗin motar da ta wuni a rana a Sakkwato ko Zinder kuwa ba wurin ajiye shi ba ne. Cajinsa kuma yana zuƙewa ko ba a yi amfani da shi ba. Mutumin da ya manta da iskar safaya wata shida, da wuya ya tuna da cajin famfo. In za a saya, a sayi wanda yake da wayar jona wa mota ita ma.

Duk cikin ukun nan, wanda ka zaɓa ba zai yi maka amfani ba in ba ka da geji naka na kanka, kuma da za a ce abu ɗaya tak za ka saya, shi zan ce ka fara da shi. Ya fi kowane famfo araha. Gejin da ke jikin famfo yakan nuna sama da gaskiya yayin da famfon ke aiki, sai an kashe allurar take dawowa daidai, na masu arahar ma ko an kashe ba a rantsuwa da shi. Geji mai kama da alƙalami ba ya neman batir amma ƙura tana sa shi cijewa. Mai agogo ya fi daɗin karantawa amma ba ya son faɗuwa. Mai lamba ya fi su daidaito har ranar da batirinsa ya mutu. Kowanne ka ɗauka, ka duba cewa awonsa ya wuce 60, domin akwai waɗanda suka tsaya a 50. Ka kuma san ma'aunin da yake nunawa, musamman in daga Nijar ko Turai ya fito: bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka bar 2.2 kusan psi 32 ke nan, siririyar safaya kuma bar 4.2. Da geji a hannunka, rabin matsalar mai faci ta kau. Shi ya ba da iska, kai ka auna.

Da safe ake awo, kafin rana ta gasa motar. Iska tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi, kusan psi 1 a duk digiri 5 ko 6 ga taya ta yau da kullum. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin ranar bazara mai digiri 42 da asubahin hunturu mai digiri 14, bambancin yana kai psi 4 zuwa 5, ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Safayar da aka cika a watan Afrilu, ta yi ta tsiyaya a hankali har Disamba, sanyi kuma ya zo ya tsuke abin da ya rage, ita ce za a ciro a hanyar zuwa bikin ƙarshen shekara. Saboda haka ga cikakkiyar safaya na fi son a cika ta zuwa adadi mafi girma da takardar ƙofa ta nuna, ko a ɗara da 2 ko 3, muddin ba a wuce iyakar da ke jikin tayar ba. Rage iska a bakin hanya aikin tsinke ne kawai, a danna allurar bawul da shi. Murfin bawul ma kada a raina shi, shi ke hana ƙurar hunturu shiga ta riƙe allurar a buɗe.

Za a yi maka tallar iskar naitirojin a wasu manyan shagunan taya, a ce ba ta fita. Tana fita, a hankali dai kaɗan. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta taɓa ajiye tayoyi shekara guda don gwaji, bambancin da ta samu tsakanin masu naitirojin da masu iskar gama-gari bai kai psi 2 ba. In kyauta ce, karɓa. In da kuɗi, gara ka haɗa su ka sayi geji. Gwangwanin maganin toshe huda da wasu sababbin motoci ke zuwa da shi a madadin safaya kuwa, ƙaramar huda a tafin taya kawai yake toshewa, kuma yana da ranar lalacewa. Ramin da ya yaga gefen taya a hanyar Birnin Gwari ba ya jin wannan magani. Wanda motarsa ta zo a haka, ya nemi wili da taya ya ajiye.

Duk ranar da aka ciro safaya don awo, a duba shekarunta. A gefen tayar, a ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. Kamfanin Michelin yana cewa taya in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta dubawa duk shekara, in ta kai goma a canza ta ko zanenta bai taɓa ƙasa ba, har da safaya. Motar 2008 da har yanzu take ɗauke da safayarta ta asali, komai iskar da aka ba ta, robar ta bushe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana cin tara a kan tuƙi ba safaya ko da tayar da wa'adinta ya wuce, amma jami'in da ya leƙa but ya ga taya ba zai auna maka iskarta ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari, da rana, kuma safayarsa cikakkiya ce mai sauƙin cirowa, geji da mai faci ɗaya da suka saba sun ishe shi, in dai zai ɗaure abin da wata rana da ba ta kuskurewa, kamar ranar albashi. Mai siririyar safaya, ko mai bin Kano zuwa Abuja, ko Maraɗi zuwa Yamai, ko mai kai iyali gida duk Sallah, ya sayi na lantarki mai waya, ya bar wa mai faci aikin gano yoyo. Haka ma matar da take tuƙa kanta da yara a baya, wadda tsayuwar dare a bakin hanya ta fi yi wa tsada. Famfon ƙafa na bar shi ga wanda aljihunsa bai kai ba tukuna, ko mai doguwar tafiya da yake son na biyu saboda ranar da fis zai ƙone.

In ka tashi saye, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna ko wani shago a garinku, ka je da motar. Kada ka yarda da gwajin da mai shago zai yi na jona shi a batir ya yi ƙara a iska, kowane famfo yana ƙara in ba ya ɗauke da kaya. Ciro safayarka, ka rage mata iska zuwa 20, ka jona a soket ɗinka, ka ga ko zai kai ta adadinta ba tare da ya shaƙe ko fis ya tafi ba. Ka ja wayar ka ga ko tana isa tayar baya ta ɗaya gefen. Ka taɓa inda tiyo ya haɗu da jikin famfon, in roba ce zalla kuma ta yi laushi da zafi tun a wannan gwajin, mayar masa ka ce ya kawo mai bakin ƙarfe.